Manhajar gane tsuntsaye ta kayar da Kawu a kan gaggafa, amma kanari ya gagare ta

A hutun Disamba muka kwashi yara da Kawu muka yi kwana uku a Yankari. Na dawo da waya cike da hotuna, rabi na yara suna iyo a ruwan Wikki, rabi na tsuntsayen da ban san sunansu ba. An ce wurin yana da tsuntsaye sama da iri 350, to ina ni ina sanin su? Babbar 'yata ce ta sauke min manhajar nan da ake ba ta hoto ta faɗi sunan tsuntsu. Ban ɗauke ta da muhimmanci ba, na zaci irin shirmen yara ne.

Hoto guda ne ya sa na canza magana. Da safe, kusa da kogin Gaji, mun ga wani ƙaton tsuntsu ruwan ƙasa a kan busasshen reshe, ga kai kamar an ɗora masa rawani. Kawu ya ce shirwa ce, ƙoshi kawai ta yi. Na ce Kawu ai ta fi shirwa girma. Ya ce, "Kai yaushe aka haife ka?" Sai na ja bakina.

Da muka dawo gida na loda hoton. Nan take ta ba da suna da Turanci, bateleur, ta kuma nuna hoton babbar: baƙa wuluk, fuska ja, ƙafafu ja, wutsiya kamar an datse. Kawu na leƙowa ya ce, "Ai wannan gaggafa ce! Amma ba ita ka ɗauka ba." Ashe ita ce, ƙarama ce kawai. Bayanin ya ce 'ya'yan gaggafa ruwan ƙasa suke tashi, sai sun kai shekara 7 zuwa 8 kafin su rikiɗe su yi kalar iyayensu. Na ja hoton da yatsa biyu ya buɗe, sai ga fatar gindin baki shuɗi-shuɗi, wutsiyar kuma ba ta da tsagar nan ta shirwa. Kawu ya karɓi wayar, ya matso da ita dab da ido, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "To ɗan nan, wayarka ta ci." Wallahi tunda nake ban taɓa jin ya sallama a gardama ba. Da na karanta masa cewa tun 2020 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa, bai yi musu ba, ya ce rabon da ya ga tana shawagi a ƙauyenmu har ya manta.

A daren nan da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba ta.

Washegari na koma kan ƙananan masu waƙa, a nan raina ya soma ɓaci. Wani ɗan rawaya da na ɗauka sau uku a reshe ɗaya, sunaye uku ta ba ni. Kanari ne fa, irin wanda ake sayarwa a keji, ko yaro ya san shi. Wani ɗan toka-toka kuma ta ce na Turai ne. Wannan kam na zarge ta a banza, don daga baya na gane akwai masu ƙetaro Sahara su yi hunturu a wajenmu. Amma hotunan da matata ta turo min daga wayarta, da yake sun dusashe, ko ɗaya ba ta gane ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne babu sunan Hausa ko guda. Ba shaho, ba shamuwa, ba balbela. Da Kawu ba ya zaune a gefena, da har yau ban san gaggafa na ɗauka ba. Ga cin data kamar fara ta sauka a gona.

Tauraro uku na ba ta, ɗayan ma albarkacin fuskar Kawu ne a daren nan.