Shagon Ansel Adams a Yosemite, a idon tsohon mai wankin hoto

Shekara 22 na yi ina wankin hoto a Zariya kafin wayar hannu ta rufe mana shago. Shi ya sa da 'yata ta kai ni kwarin Yosemite a Kalifoniya, ita hankalinta na kan ruwan da ke zubowa daga duwatsu, ni kuwa na ce sai mun fara da shagon Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoto na Amurka.

Asalin shagon na surukinsa ne, Harry Best, mai zane, wanda ya buɗe shi a 1902, shekarar da aka haifi Adams. Adams yana ɗan shekara 14 ya fara zuwa kwarin da ƙaramar kyamarar Kodak Brownie, a 1928 ya auri 'yar mai shagon, Virginia. Piyano ya so ya riƙa a matsayin sana'a, duwatsun nan suka janye shi.

Katunan gaisuwa da kalanda suna nan birjik, na wuce su. Hotunan da Adams ya wanke da hannunsa ya sa musu hannu kuwa, kallo kawai na yi, kuɗinsu ya sayi mota. Inda na daɗe shi ne wajen ƙananan nan masu inci 8 da 10, waɗanda ake wankewa daga fim ɗinsa na asali, aikin da tsohon mataimakinsa Alan Ross ya karɓa tun 1975. Na sa tabarau na duba inuwar dutse. Baƙi ne ƙirin, amma kowace tsaga tana bayyane a cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin duhu na wankin hoto ya san nan ne gumin yake. Ni nawa baƙin yakan toshe kamar gindin tukunya.

Na leƙa waje na kalli dutsen Half Dome. Sararin sama bai kai na hotonsa duhu ba. Tun 1927 Adams ya fara sa jan gilashi a bakin kyamara don ya duhunta shi da gangan, kuma ban ga laifinsa ba.

Na sayi hoton farin wata a saman dutsen, ɗaukar 1960, aljihu ya ji a jikinsa. 'Yata ta ce, "Baba, ba kala fa." Na ce ta riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar takardar.