Motar Kano zuwa Damagaram ta Kwangwalam: sharhi

Ƙananan motocin hayar da ke ɗaukar fasinja daga Kano su zarce har Damagaram sun biya ni, kuma ga mai kaya na fi ganin amfaninsu a kan sauka-hau, wato canza mota a hanya. Hanyar ita ce Kano, Kazaure, Daura, Mai'aduwa, sai iyaka a Kwangwalam. Da an tsallaka sai Ɗan Barto, Matamaye, Kance, Takeita, sannan Damagaram. Nisan wajen kilomita 240 ne, tafiyar da mota mai lafiya za ta yi cikin awa huɗu. Amma kada ka yi wa kowa alkawarin awa huɗu. Ka ware wuni guda.

Lokacin ba a kan kwalta yake tafiya ba. Na farko a tasha ne, domin mota ba ta tashi sai ta cika, kuma cikar tasu mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Wanda ya iso bayan sallar asuba yakan samu motar farko. Wanda ya zo da hantsi zai iya zama har azahar ana jiran mutum ɗaya. Idan kana da hali ka biya kuɗin kujera biyu na gaba, ƙafarka za ta gode maka. Kuɗin kaya kuma a yi cinikinsa da ɗan kamasho kafin a ɗaure, don in buhunka ya riga ya shiga ƙarƙashin igiya, abin da aka faɗa shi za ka biya.

Sai shingaye, kuma nan ne raunin tafiyar yake. Daga Daura zuwa iyaka suna da yawa kuma kusa da juna. A kowanne direba zai rage gudu, wani wurin ya sauka ya zagaya bayan mota, wani wurin a ce a kwance kaya. Kwancewa da sake ɗaurewa kaɗai kan ci rabin awa. Abin da ke tsayar da mota gaba ɗaya kusan kullum fasinja ɗaya ne da ba shi da takarda, ko mai kayan kasuwa da bai bayyana su ba. Direba nagari yana tambayar takardun kowa tun a tasha, kuma ni a wurina wannan ce babbar alamar direban da ya san aikinsa. Ranar Lahadi ana cin kasuwar Mai'aduwa, motocin dabbobi da na hatsi suna cika hanya, don haka in ba kasuwar za ka ba ka zaɓi wata rana.

Takardu biyu ne ba a wasa da su: fasfo, da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Katin shi mutane suka fi mantawa, shi kuma ya fi jawo a sauke mutum a ɓangaren Nijar. Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma tun daga lokacin bincike ya ƙara tsanani, saboda haka ka tabbata an buga maka hatimin fita da na shiga, in ba haka ba a dawowa za ka sha tambaya. Takardun su zauna a aljihun gaba, ba cikin jakar da ke ɗaure a but ba. Mai shiga da motar kansa yana buƙatar ƙarin lesefase, wato takardar izinin shigar da mota, daga duwan (kwastan na Nijar), da inshorar da ke aiki a ƙetare. Iyakar kanta ba abin dogaro ba ce: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ka tambayi direbobin layin halin da ake ciki kwana ɗaya kafin ka fito, sun fi kowa sani.

Maganar kuɗi tana rikita baƙo. Ana canjin naira zuwa sefa a bakin iyaka, amma farashin Wapa, kasuwar 'yan canji a Kano, yakan fi daɗi, sai dai ka nemi ƙananan takardu, domin mai shayi ba zai samo maka canjin jika goma ba. A can da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya sefa 1,000. In mai kabu-kabu ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Layin wayarka na Najeriya zai ɗauke jim kaɗan bayan Ɗan Barto, don haka ka kira mai tarbarka tun kana Mai'aduwa.

Motocin yawanci tsofaffi ne, an ƙara musu sifirin don lodi, na'urar sanyi kuwa babu. Da bazara ka riƙe ruwa aƙalla lita biyu, da hunturu rawani ko takunkumi saboda ƙura. Kafin ka biya ka leƙa tayoyi, ka tambaya ko akwai safaya da jak, domin tsakanin Matamaye da Takeita ba ko'ina ake samun mai faci ba. Motar da ba ta bar Kano kafin ƙarfe goma na safe ba, ban ba da shawarar a hau ta ba, dare zai iya riskarta a iyaka.