Kujerar Taga a Jirgin Sama: Wacce Za Ka Zaɓa Idan Kallo Kake So?

Da yawa daga masu tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja, in sun je kanta sai su ce "a ba ni taga" kawai, su karɓi abin da aka miƙo musu. Sai an shiga mutum ya tarar da kansa a kan fiffike, tafiyar awa guda ba abin da ya gani sai farin ƙarfe. Ba kowace taga ba ce ta kallo, kuma layin da ka zauna ya fi ɓangaren muhimmanci.

A jirage irin Boeing 737, kujerun taga su ne A a hagu da F a dama. Fiffike yana tsakiya, don haka layukan gaba su ne na mai son gani: ƙasa a buɗe take, ƙarar inji ma da sauƙi. Wasu kamfanoni suna cajin ƙari a kansu, kuma a ganina in kuɗin bai yi yawa ba, sun cancanta. Layukan can baya su ne na biyu. Ana ganin ƙasa sosai, amma zafin da ke fita daga inji yana sa hoto ya yi dishi-dishi, kuma nan aka fi jin girgiza. Layin ƙofar gaggawa kuwa, wanda dogaye ke rububi saboda wurin miƙe ƙafa, yawanci a kan fiffike yake. Ka zaɓi ɗaya, ko ƙafa ko ido.

Idan jirgi mai farfela ne irin ATR ko Dash 8, fiffikensa a sama yake, kuma ba ya hawa can ƙololuwa, sai ka ga gonaki da rugage da hanyoyi tar. Ka dai guji layin da ke daidai da inji. A ƙaramin Embraer 145, kujerar A ita kaɗai ce a ɓangarenta, ba mai tsallaka ka.

Sai maganar hagu ko dama, kuma rana ce alƙali. Ka zauna a ɓangaren da ba ta dukan gilashi. Mai zuwa Kano da safe ya ɗauki hagu, da yamma dama. Mai zuwa kudu, Fatakwal ko Asaba, da safe dama ta fi, kuma galibi ta wannan ɓangaren ne Lokoja take, inda Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Wannan mahaɗa kaɗai ta isa a biya kuɗin kujera.

Dutsen Zuma, wanda ke jikin naira 100, yana arewa da filin jirgin, kusa da Madalla. In jirgi ya sauko ta arewa maso gabas, dutsen yana dama, birni yana hagu. In ya tashi ya nufi can, sai abin ya juya. Iska ce ke sa a zaɓi ta inda za a sauka, don haka ba a alkawari a kansa.

Hanyar Jos ta fi ba ni sha'awa duk da gajartarta. Kana kallo ƙasa za ta taso ta tarye ka, domin tudun Filato ya haura mita 1,200. Kafin a sauka a filin Yakubu Gowon da ke Heipang, za ka ga tarin duwatsu da kududdufai masu ƙyalli birjik, ramukan haƙar kuza da aka fara tun farkon ƙarni na 20. A nan ko wane ɓangare ka zauna ba ka yi asara ba, muddin ba ka kan fiffike.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, kada ka ƙara ko sisi don taga, ƙura ce kawai za ka kalla. Ƙarshen damina, wajen Oktoba, sama a wanke take ƙasa kuma kore shar. A lokacin ka shiga intanet da wuri, da zarar an buɗe zaɓen kujera, domin layukan gaba ne ke fara ƙarewa.