Taskar Shaidu ta USC Shoah: Amfaninta ga Ɗalibin Darasin Kisan Ƙare Dangi

Ga ɗalibin da ke nazarin addini da kisan ƙare dangi a jami'a, taskar bidiyon Gidauniyar USC Shoah ta cancanci lokacinsa (USC ita ce Jami'ar Kudancin California a Amurka, Shoah kuma sunan Ibrananci ne na kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa). An kafa gidauniyar a 1994, kuma taskar na ɗauke da hirarraki sama da 50,000 da waɗanda suka tsira, yawancinsu Yahudawan Turai, sai na Ruwanda da Armeniya da Kambodiya.

Babban ƙarfinta shi ne tsarin bincike. An rarraba hirarrakin minti-minti da kalmomin nema, don haka mai son jin yadda aka kashe 'yan ƙabilar Tutsi na Ruwanda a cikin coci-coci a 1994 zai faɗa kan daidai wurin, ba sai ya kalli awa biyu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan hana kisan ƙare dangi da aka haddace a aji sai ta koma fuskar wata tsohuwa tana lissafa sunayen 'ya'yanta.

Amma akwai cikas. Shaidun Afirka da Asiya ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da na Turai. Bidiyon kuma na cin data. Kada a kalli fiye da hira ɗaya a zama guda; nauyinta kan hana barci.