Bakin Tsofaffi ko Takardun Kaduna?

Malama, kin ce kina rubuta ƙagaggen labari a kan shekarar da Turawa suka ci Kano, kina tambaya ko ki dogara da hirar tsofaffi ko ki nufi gidan adana takardu. Na taɓa bin hanyoyin biyu, bari in ajiye miki su kusa da juna.

Takarda ba ta ruɗewa wajen kwanan wata. Ita za ta gaya miki cewa Kanar Morland ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, bayan ya fasa Bebeji a hanya, alhali Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi cikin watan, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya rasu a Burmi a watan Yuli. Kada ki raina wannan jeri. Kano ta faɗi da ragowar hunturu, Burmi kuwa tsakiyar damina ce. In kika sa jarumarki ta ji labarin Burmi tana jin ɗumi a bakin murhu, wanda ya san tarihi zai rufe littafin.

Amma wa ya riƙe alƙalamin? Yawancin fayilolin da za ki buɗe a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, Razdan da Di'o ne suka rubuta, kuma damuwarsu haraji da iyaka da wanda ya yi mubaya'a. Za ki yini kina juya takarda mai ƙura ba ki ga mace ɗaya tana daka ba. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ya ɗan fi sauƙi, don akwai rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, in kina da mai karanta miki.

Baki kuwa nan ne nama yake. Wani dattijo da na kai wa goro a cikin birni ya ba ni abin da kakarsa ta faɗa masa: yadda suka tura kuɗin wuri cikin tulu suka binne a ƙarƙashin turmi, suka fice da 'yar akuya ɗaya. Babu rahoton da zai ba ki wannan. Daga bakinsu za ki ji ana ƙirga kuɗi da zambar, wato dubu-dubu, ki ji kirari da gaisuwar fada yadda ake yin su. Sai dai shi wannan dattijo, Allah ya jiƙansa, yana cikin zuba sai ya haɗa Yaƙin Basasar Kano na 1893 da zuwan Nasara ya yi musu dunƙule ɗaya, shekara goma ta ɓace a tsakani. Kuma har gobe jikan Yusufawa da jikan Tukurawa, ɓangarori biyun da suka gwabza a Basasar, ba za su ba ki labari iri ɗaya ba. Yau ma babu ganau, jiyau ne duka, na uku ko na huɗu.

Akwai abin da ya tsaya a tsakiya: tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. Ba labarin birnin Kano ba ne, amma aure da kishi da harin bayi duk ga su nan daga bakin mace.

Ni dai da ni ce ke, takardu zan fara. Ki rubuta kwanakin nan a bangon littafinki, sannan ki sayi goro ki tafi. In tsoho ya kauce, kada ki gyara masa, ki bar shi ya kai aya, ki koma gida ki tace. Kuma ki tambayi tsofaffin mata daban, ba a gaban mazan gidan ba.