Riyal ɗari na biya aka kankare mini hannun Kaka

Tangaran shida Kaka ta bari, masu zurfi irin na shan fura, da furanni ja da kore da shuɗi a jikinsu. Tun muna Shara Mansur a Makka suke jere a kabat, ba a sauko da su sai ranar suna ko Sallah. Da aka zo rabon gado, Yaya ya ce a nemi wanda ya san kuɗinsu, kada a ci haƙƙin wani. Sai na naɗe su a tsofaffin zannuwa muka tashi daga Makka zuwa Jidda, wajen wani dattijo mai shagon kayan da a Balad, tsohuwar unguwar garin, wanda ake ta zuzuta idonsa.

Aiki kam ya iya. Ya ɗora kowanne a kan yatsu uku ya ɗalli bakinsa da farce. Biyar suka yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, na shida ya ce "tak" kamar an bugi katako. Ya ɗaga shi saitin fitila, sai ga tsaga siririya kamar gashi, wadda shekara da shekaru ina wanke kwanon ban taɓa ganinta ba. Ya nuna mini ganyen ma: inda buroshi ya sauka launin ya yi kauri, inda aka ɗaga ya tsinke, kuma babu fure biyu da suka zo ɗaya. Na bugun inji, in ji shi, duk kansu ɗaya ne. A nan har na ce wa Yaya riyal ɗarin da na biya kuɗin dubawa ta halatta.

Sai ya kifa kwanon.

Duk wadda ta taɓa aika kwanonta gidan biki ta san shaida. Ta Kaka ɗigo uku ne na jan fenti a gindi, da tsinke take ɗiga su, har maƙwabta sun san su. Bawan Allahn nan bai dube ni ba, bai ce uffan ba, ya zaro 'yar wuƙa ya hau kankara. Kafin in ajiye kofin shayin da ke hannuna ya gama da ɗaya ya kama na biyu. Na ce, "Malam, me kake yi haka?" Ya ce, "Sabr ya Hajja, datti ne ya rufe hatimi." Datti! Ni da ko soson ƙarfe ban taɓa yarda ya kusanci wurin ba. Yaya na ta taka mini ƙafa, na fizge sauran huɗun na rungume.

Abin haushin, abin da ya fito a ƙarƙashin fentin ya burge ni. Hoton zaki ne mai kan mutum, wanda Larabawa ke kira Abul Haul, da sunan Petrus Regout, da Maastricht, wani gari a Holan. Ya ce masana'antar ta fara tukwane a 1836, kuma jirgi-jirgi aka riƙa lodin irin waɗannan zuwa Indiya da Jawa da ƙasashen Larabawa da Afirka ta Yamma. Mu da muke cewa daga Sin suke! Ashe yawansu ne ya kashe musu kuɗi, kuma masu tarawa ba tsufa kaɗai suke bi ba, sai saiti cikakke, baki ba ɓantara, ciki ba tabon mai da ya shige ƙarƙashin ƙyalli.

Da ya faɗi farashin jikina ya yi sanyi. Bai rufe baki ba kuma ya ce in muna so shi zai saya nan take. To, mai ƙiyasta kaya ya zama mai taya su, wa zai yarda da lissafinsa? Takarda ma bai rubuta mana ba sai da Yaya ya matsa, ya ja layi biyu a bayan rasit. Ina fita na hango irin namu guda ɗaya a tagarsa, bakinsa a ɓantare, kuɗin da ke manne a jikinsa ya kusa na uku daga namu.

Mai son sanin asalin kwanonta ta je, amma ta riƙe shi a hannunta, kuma kada ta sayar masa. Ni dai na biya 'yan'uwana rabonsu na dawo da su kabat. Na gwada jan farce a kan biyun nan, launin bai zo ɗaya da na Kaka ba, na goge.