PFF: Ma'aunin 'yan wasan jami'a kafin zaɓen NFL, ya cancanci dalarka?

Duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kan zaɓi sabbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka cikin zagaye 7. Zagayen farko yana farawa wajen ƙarfe 1 na dare agogon Kaduna, don haka masu bibiyar ƙwallon Amurka a Barnawa ko Kawo sai su tanadi caji da data tun da yamma. Kafin wannan dare, shafin da aka fi kafa hujja da shi wajen gardamar wane ya fi wane shi ne Pro Football Focus, wato PFF, mai hedikwata a Cincinnati.

Ma'aikatansu na kallon kowane wasa, su ba kowane ɗan wasa maki a kan kowane tashi, wato duk lokacin da aka saki ƙwallo aka kara har aka tsaya, daga -2 zuwa +2, ana hawa da rabi-rabi. Daga nan a juya jimillar zuwa ma'aunin 0 zuwa 100. Wajen 60 tsaka-tsaki ne, 90 kuwa gwani. Sun fara yi wa manyan jami'o'i haka a 2014.

Inda suka ciri tuta shi ne auna kwatabak, mai jefa ƙwallo. Alƙaluman da aka saba suna duba sakamako kawai. PFF na duba jifar kanta. In ya jefa ta daidai hannun abokinsa, abokin ya zubar, makin kwatabak na nan. In ya jefa wa abokin gaba, wancan ya kasa cafewa, an rubuta masa laifi, ko da takardar wasa ta nuna ba a ƙwace ba. Haka ma ƙartin da ke tare gaban kwatabak, waɗanda ba sa ci wa ƙungiya maki a fili balle a ƙirga musu: a nan za ka ga sau nawa aka keta su har aka matsa wa mai jifa.

Rauninsa a fili yake. Mai ba da maki bai ji umarnin da koci ya bayar ba, hasashe yake daga bidiyo. Idan an bar wani fili a buɗe, yana iya ɗora laifin kan wanda ba aikinsa ba ne. Sannan maki 85 da aka samu a kan ƙananan makarantu ba ɗaya ba ne da 85 a SEC, gasar manyan jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, inda ake karawa da Alabama da Jojiya. Kafin ka yarda da maki, duba tashi nawa yaron ya buga, da su wa ya kara, sai ka kalli cikakkun wasanninsa biyu ko uku, har da wanda aka lallasa su. Guntun bidiyon bajinta na YouTube kwalliya ce kawai.

Suna kuma jera sakamakon gwajin ƙarfi da gudu da ake yi wa 'yan wasan a birnin Indiyanapolis kafin zaɓe, irin su gudun yadi 40 da ɗaga fam 225, kimanin kilo 102. A yi hattara da shi. John Ross ya yi gudun cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, aka ɗauke shi na 9, bai taɓuka abin kirki ba. Tom Brady kuwa, wanda ya zama shahararren kwatabak, na 199 aka ɗauke shi a 2000.

Akwai manhajar gwada zaɓe, inda za ka zama manajan ƙungiya ka yi ta ciniki. Tana da daɗi, tana kuma cin lokaci. Cikakkun alƙaluma sai da rajista, da dala ake biya. Mai sharhi a rediyo ko mai rubutu a kan wasan, kuɗinsa bai faɗi ƙasa ba. Mai kallon nishaɗi, abin da suke saki kyauta ya ishe shi.